Dick Tiger: an doke shi sau 19, me ya sa har yanzu ake sa shi a sahun gaba?

Ɗan Auta:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. Duk sanda aka zo lissafin gwanayen damben boksin na Afirka sai a fara da Dick Tiger. Ga alƙalumansa nan: ya ci 60, an doke shi 19, canjaras 3. Sha tara fa! Yau ɗan damben da aka doke sau biyar ma an daina ta tasa. Girman nan nasa na gaskiya ne, ko don namu ne muke kambama shi?

Mai Kundi:
Wa alaikumus salam. Ɗan Auta, kada ka haɗiye 19 ɗin nan gaba ɗaya, tsinka ta biyu tukuna. Guda 14 sun faru ne daga farkon dambensa zuwa Yunin 1960. Daga nan har ya ajiye safa a 1970, shekara goma cur yana karawa da manyan duniya, sau biyar kacal aka doke shi.

Sunansa na yanka Richard Ihetu, haifaffen Amaigbo a jihar Imo ta yanzu, 1929. Ya sauka Liverpool a 1955, kuma wasanninsa huɗu na farko a Ingila duk an doke shi da maki. A Ingila ta lokacin alƙalin tsakiya shi kaɗai ke yanke hukunci, babu alƙalai uku a gefe, kuma idonsu ya saba da mai miƙa hagu tsaf yana ja da baya. Baƙon da ke kutsawa yana dukan ciki ba ya burge su. A 1957 aka kawo shi London don ya zama tsani ga wani matashi da ake ji da shi, Terry Downes. Tiger ya farfasa shi har aka tsayar da wasan. Downes ɗin nan shi ne ya zama zakaran duniya a 1961. A Maris ɗin 1958 Tiger ya gama da Pat McAteer a turmi na 9 ya karɓi kambun Daular Birtaniya na matsakaita nauyi. Da ya koma New York a 1959 sai aka sake sabon karatu: canjaras da Rory Calhoun, sannan Calhoun ya doke shi, Tiger ya ci Joey Giardello, Giardello ya rama, Wilf Greaves ya ƙwace kambun Daular a Kanada a 1960, Tiger ya koma can cikin shekarar ya karɓo abinsa.

Biyar ɗin ƙarshe kuwa su ne Giardello a 1963, Joey Archer a 1964, Emile Griffith a 1966, Bob Foster a 1968, sai Griffith kuma a 1970 lokacin Tiger na dab da cika 41.

Bahago:
Malam Mai Kundi, ai jerin nan da ka kawo hujjar Ɗan Auta ce, ba taka ba. Cire Foster, ka dubi sauran. Giardello, Archer, Griffith, dukansu masu ƙafa ne. Ciwo ɗaya ne ya kama shi sau huɗu bai nemi maganinsa ba. Gwani na gaske yana gyara.

Koci:
Bahago ya taɓo wurin, amma sai an fara gane abin da ya sa yake cin waɗanda yake ci, don ƙarfinsa da rauninsa daga tsayuwa ɗaya suka fito.

Tsawonsa ƙafa 5 da inci 8 ne, gajere a ajinsa. Cinyoyi da wuya da ƙirji masu kauri. Yana tsayawa tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a kan 'yan yatsu ba, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, nauyi a raba tsakanin ƙafafun, safa biyu a kumatu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Mutane suna ganin yana matsowa sai su ɗauka shi ne mai fara kai hari. A'a. Matsowar tasa tilasta maka ce ka fara jefa hannu. Kana jefawa sai ya yi abu uku a jere: ya ɗan duƙa da gwiwa, ba da ƙugu ba, naushinka ya bi ta kan kafaɗarsa, ya shigo rabin taki, ya saki gajeren hagu ta gefe zuwa ƙasan haƙarƙarinka na dama, inda hanta take. Hannunka na sauka don kare wurin, hagun nan dai ya sake tashi zuwa muƙamuƙi. Dama tana biyo baya ne kawai ta rufe.

Abin da ke ba hagun nauyi shi ne ba daga kafaɗa yake fitowa ba. Duƙawar ta ɗora nauyin jiki a ƙafar gaba, sai ya tunkuɗa ƙasa da ita, ƙugu ya juya, hannu ya biyo a lanƙwashe, tafiyarsa ba ta wuce taƙi biyu ba. Yaran da ke kwaikwayo suna ɓata shi ta hanya biyu: ko su ja hannun baya kafin su sake shi, abokin karawa ya gani ya riga su da dama, ko su duƙa da ƙugu idonsu na kallon ƙasa, su ci naushin da ke tasowa daga ƙasa.

To duk wanda dambensa shi ne ya zo ya ture ka, ya kawo kansa. Gene Fullmer ƙarfi ne da shi, ya saba jingina da mutane yana tura su igiya, ya taɓa cin Sugar Ray Robinson da Carmen Basilio. A San Francisco ranar 23 ga Oktoba 1962 ya jingina da Tiger, Tiger bai motsa ba. Turmi 15 yana shan gajerun naushi a kusa, fuska ta tsage, kambun duniya na hukumar dambe ta WBA ya koma hannun Tiger. Florentino Fernandez da Henry Hank, duk masu dukan kisa, haka suka ƙare a farkon shekarar. Rubin Carter a Mayun 1965 ya sha ƙasa sau uku.

Na Gefen Igiya:
Koci, ka tsallake na biyu da Fullmer. Las Vegas, Fabrairun 1963. Fullmer ya ƙi shigowa, ya dinga zagayawa, aka tashi canjaras. Mutumin da ba gwanin ƙafa ba ma da ya gwada gudu sai da ya kusa ƙwace kambun. Giardello yana kallo.

Koci:
Ban tsallake ba Malam, can na nufa. Mai tsayuwa da tafin ƙafa a ƙasa, kafin ya saki naushi mai nauyi sai ƙafafunsa sun zauna. Idan ka jefa masa jab, wato miƙaƙƙen naushi mai sauri da hannun gaba, ka goce taki ɗaya gefe, dole ya ɗaga ƙafa, ya juya, ya sake dasawa. Kafin ya gama ka sake jefa wani ka sake gocewa. Ba ya jin zafin komai, amma maki na tafiya.

Maganin abin shi ne tare hanya, kuma a nan ne Tiger ya gaza. Shi bin mutum yake yi a baya, inda ka taka nan zai taka. Mai tare hanya ba ya bin inda kake, yana zuwa inda za ka. Abokin karawa ya nufi hagunka, ka yi taki gefe zuwa hagu, ba gaba ba, ƙirjinka na fuskantar nasa kullum. Ya juya dama, ka yi taki dama. Kowane juyi ka ci rabin taki gaba. Dandamalin da bai wuce ƙafa 20 ba, juyi uku ko huɗu bayansa ya taɓa igiya. Sannan ka sa naushin ciki a ɓangaren da yake son fita, ko da a hannu zai sauka, don ya san ƙofar nan a rufe take. Kuma dole ka yarda ka fara jefa hannu, jab biyu a ƙirji kana shigowa. Tiger kuwa jira ne jininsa. Idan ba a kawo masa ba, sai turmi ya ƙare bai jefa abin kirki ba.

Haka Giardello ya yi masa a Atlantic City ranar 7 ga Disamba 1963, jab da zagaye har turmi 15.

Mai Kundi:
Amma Bahago ya ce bai taɓa gyarawa ba, wannan kuma ba haka ba ne. Giardello ya ja masa rai kusan shekara biyu, a tsakani sau ɗaya ya kare kambun, da Carter. Da suka haɗu a Madison Square Garden ranar 21 ga Oktoba 1965, Tiger bai jira ba. Ya fara da wuri, ya dinga dukan jiki tun turmin farko, ya ci da maki ba gardama. Yana da shekara 36 a lokacin.

Bahago:
Giardello ma 35 gare shi, ƙafar ta riga ta tafi. Wata shida bayan nan Griffith mai jini a jika ya zo, ciwon ya dawo.

Baba Alƙali:
Ku bar ni in shiga nan, don wasan Griffith na 25 ga Afrilu 1966 ana yawan faɗinsa ba daidai ba, daga ɓangarorin biyu.

Masoyan Tiger suna cewa an yi masa fashi. Gaskiya ne mafi yawan 'yan jaridar da ke bakin dandamali Tiger suka ba. Amma alƙalan uku duka Griffith suka ba, kuma akwai dalili. A New York ta lokacin ba a lissafi da maki goma-goma irin na yau, inda wanda ya ci turmi ke samun 10, ɗayan 9 ko ƙasa da haka. Turmi ake ƙirgawa: wane ya ci bakwai, wane ya ci shida, biyu babu wanda ya ci. Kai mutum ƙasa ba ya ƙara maka komai a wannan ƙirgen, turmi ɗaya ne dai ka ci, sai idan an yi kunnen doki a takardar alƙali sannan a koma ga ƙarin maki a raba gardama. A turmi na 9 Griffith ya kai Tiger ƙasa, karon farko a rayuwarsa ta dambe. Ya tashi nan take. To masu cewa da a yau ne da Tiger ya ci, ku yi lissafi da kyau: a tsarin yau turmin nan 10 da 8 ne, wato Griffith zai ƙara samun tazara ne, ba raguwa ba.

Inda nake ganin Tiger na da ƙorafi shi ne turamen da babu abin da ya faru. Griffith na ja da baya, Tiger na bi, hannu kaɗan. Alƙali na da abu huɗu da yake dubawa: naushi mai tsabta da ya sauka, kutsawa mai amfani, iko da dandamali, da kariya. Kalmar "mai amfani" ita ce matsalar. Idan kana matsowa ba ka saukar da komai, wani alƙalin zai ba ka don kai ke neman faɗa, wani zai ba mai gudun don shi ya zaɓi inda za a yi da yadda za a yi. Duk biyun suna cikin doka.

Kuma kada a manta Griffith daga ajin laba 147 ya hauro, ya hau sikeli da kusan laba goma ƙasa da Tiger.

Ɗan Auta:
To Baba, idan ƙaramin mutum ya hauro ya doke shi, ina girman?

Mai Kundi:
Girman yana cikin abin da ya yi wata takwas bayan nan. Maimakon ya tsaya bin Griffith, sai ya haura shi ma. Ka riƙe alƙaluman: iyakar matsakaita nauyi laba 160 ce, kilo 72.6. Ajin da ke sama a lokacin laba 175 ne, kilo 79.4. Babu ajin 168 a tsakani, sai a shekarun 1980 aka ƙirƙiro shi. Ranar 16 ga Disamba 1966 Tiger ya hau sikeli da laba 167, José Torres da 175. Torres yaron Cus D'Amato ne, wanda daga baya ya rene Mike Tyson, yana da azurfar Olamfik ta 1956, ya fi Tiger tsawo, ya fi shi saurin hannu, ya fi shi girman jiki, Tiger kuma ya girme shi da shekara bakwai. Tiger ya ci da maki a turmi 15. Tun Bob Fitzsimmons a 1903 babu zakaran matsakaita nauyi da ya haura ya ɗauki wannan kambun sai shi.

Sun sake a Mayun 1967, ya sake ci, wannan karon alƙalai biyu da ɗaya, magoya bayan Torres suka yi ta jifa da kwalabe a cikin Garden. A Nuwamba ya tsayar da Roger Rouse a turmi na 12 a Las Vegas.

Koci:
Torres ya dace da shi ne. Salon D'Amato safa biyu a fuska, a shigo kusa a saki naushi a jere. Hannu na sama, haƙarƙari a buɗe, kuma yana zuwa da kansa. Abincin Tiger ke nan.

Wani abu da matasa ba sa lura da shi: a zamanin ana awo ne ranar wasan, ba jajibiri ba. Yau mai laba 175 yana hawa sikeli ya samu fiye da awa 24 ya sha ruwa ya ci abinci, ya shigo dandamali ya haura 185. A da, sa'o'i kaɗan ne tsakani, wanda ya matse jikinsa da yawa zai ji a ƙafarsa daga turmi na 10. Tiger a 167 bai matse komai ba. Don haka tazarar laba takwas ɗin tana da gaskiya, amma shi ma ya samu nasa amfanin a dogon wasa.

Na Gefen Igiya:
Sai Foster ya zo ya nuna iyakar abin. 24 ga Mayu 1968. Tsawon Foster ƙafa 6 da inci 3, tsawon hannu inci 79, Tiger 71. Inci takwas. Kuma Foster ba mai gudu ba ne, ba mai shigowa ba ne, yana tsaye daga nesa yana harbi. Duƙawar da Koci ya yaba ita ta kai shi: yana duƙawa ya shigo, dama ta taso daga ƙasa ta ɗaga kan, hagu ta same shi. Turmi na 4. Shi kaɗai ne ya taɓa kwantar da Tiger har aka ƙirga goma.

Bahago:
Wannan ban riƙe masa ba. Foster ya kare kambun nan sau 14 bayan haka. Kowa ya sha hagun nan zai kwanta. Abin tambaya shi ne me ya kai mai shekara 38 gaban Foster, alhali ana ta kauce masa.

Mai Kundi:
Kuɗi. An ba shi tabbacin dala 100,000 kafin ya yarda, Foster kuwa kusan kambun kawai ya tashi da shi a daren. Ku tuna shekarar. Yaƙin basasar Najeriya ya fara a Yulin 1967, dukiyar da ya tara a gida, gidaje da kasuwanci, yaƙi ya rutsa da ita, iyali da dangi suna cikin yankin Biyafara.

Sarkin Gardama:
Yauwa, tunda an zo nan. Mutumin nan ya karɓi muƙamin laftana a rundunar Biyafara, ya yi musu farfaganda a Amurka, ya mayar wa Birtaniya lambar girmamawarsa ta MBE a 1969 don tana goyon bayan gwamnatin tarayya. Ta yaya za a ce mana gwarzon Najeriya?

Baba Alƙali:
Duk abin da ka lissafa ya faru, ba mai musu. Haka kuma ranar 10 ga Agusta 1963 ta faru. Filin Liberty na Ibadan, wanda yanzu ake kira da sunan Awolowo, karo na uku da Fullmer, gwamnatocin ƙasar suka sa kuɗi aka kawo wasan kambun duniya gida, shekara goma sha ɗaya kafin Ali da Foreman su je Kinshasa. Bayan turmi na 7 kusurwar Fullmer ta ce ya isa, kuma bai sake dambe ba. A ranar da tutar Najeriya ya hau. Bayan yaƙi kuma gwamnatin Gowon ta bar shi ya dawo gida, a Aba ya rasu ranar 14 ga Disamba 1971, ciwon dajin hanta, yana da shekara 42.

Shugaban Zaure:
Jama'a, zauren dambe ne. Kowa ya faɗi nasa sau ɗaya a kan wannan, ya wadatar. A koma dandamali don Allah.

Ɗan Auta:
To na ji. Amma tsakaninsa da Azumah Nelson fa? Mutanen Ghana ba za su yarda ba.

Bahago:
Ni Azumah nake ba. Dalilina na dambe ne zalla: ya fi Tiger kayan aiki. Yana iya kutsawa, yana iya ja da baya ya yi dambe da jab, yana canza salo a tsakiyar wasa. Ka dubi yadda ya je Melbourne a 1992 ya tsayar da Jeff Fenech a turmi na 8 a gaban mutanensa, bayan canjaras ɗin da kowa ya ce Fenech ne ya ci. Wancan shi ne gyara. Ya je San Juan a 1984 ya gama da Wilfredo Gómez a turmi na 11. Kuma ya daɗe da kambu a hannu fiye da Tiger nesa ba kusa ba.

Mai Kundi:
Daɗewa kam Azumah ne. Amma kambun wa? Na hukumar dambe ta WBC kaɗai, a lokacin da kowane aji ke da zakara biyu ko uku, ajujuwan kuma sun kai 17. Tiger ya yi zamani da ajujuwa ba su wuce goma sha ɗaya ba, na asali takwas ne, kuma bayan Paul Pender ya yi ritaya a 1963 babu wani mai cewa shi ne zakaran matsakaita nauyi sai shi. A 175 ma haka. Aji biyu daga cikin takwas na asali, ba tare da abokin tarayya ba. Mujallar The Ring ta ba shi gwarzon shekara sau biyu, 1962 da 1965, a shekarun da Ali da Liston da Griffith da Eder Jofre ke tashe. Sannan ka ƙirga waɗanda ya doka da suka riƙe kambun duniya: Downes, Fullmer, Giardello, Torres, Benvenuti.

Kuma a tuna da Hogan Bassey, wanda ya riga shi. Shi ya fara kawo wa Najeriya kambun duniya, Paris, 1957, a kan Cherif Hamia, shi ma ta Liverpool ya bi.

Sarkin Gardama:
Benvenuti kuma? Idan ya doke Benvenuti a 1969 ai da ya zama zakara karo na uku. Benvenuti ne mai kambun a lokacin.

Baba Alƙali:
Ya doke shi, 26 ga Mayu 1969, a Garden, alƙalai uku duka. Amma wasan turmi 10 ne, kuma an yi shi sama da laba 160, don haka kambun bai hau teburi ba. Doka ce: kambu ba ya motsi sai duka biyun sun yi awo a cikin iyakar ajin kuma an amince wasan na kambu ne tun a yarjejeniya. Zakarun da suna yawan yin irin wannan don su samu kuɗi ba tare da kasada ba. Benvenuti ya karya hannunsa na dama a wasan, masu kare shi da wannan suke kafa hujja.

Koci:
Karyewar hannun gaskiya ce, amma wasan ya dace da gardamar Bahago, shi ya sa nake so ya kalle shi. Benvenuti dogo ne, mai ƙafa, mai jab, irin waɗanda muka ce suna ba Tiger wahala, kuma Tiger ya girme shi da kusan shekara tara. Ka lura da inda Tiger ke sa hagunsa a turamen farko. Ba ya neman kai. Ciki, ƙugu, hannu, duk inda ya samu. Mai zagaye da cinya da numfashi yake zagaye, idan aka yi turmi huɗu ana dukan ƙasan haƙarƙari sai diddige ya fara sauka ƙasa, jab ɗin ya rage dawowa da sauri. Daga nan ba sai ka tare masa hanya ba.

Bahago:
Zan kalla. Amma mai hannu ɗaya ne ya tsaya masa, Koci. Wata goma sha huɗu bayan nan Griffith mai hannu biyu ya sake zagaye shi turmi goma.

Na Gefen Igiya:
Ku nemo na Frankie DePaula ma, Oktoban 1968, wata biyar bayan Foster. Kowannensu ya sha ƙasa sau biyu, Tiger ya ci da maki, The Ring ta ce shi ne wasan shekara. Baba Alƙali, wannan a tsarin goma-goma yaya takardar za ta kasance, tunda faɗuwar ta zo biyu da biyu?

Baba Alƙali:
Ya danganta da yadda suka rabu a turame. Faɗuwa biyu a turmi ɗaya 10 da 7 ne, ɗaya-ɗaya a turame biyu kuwa 10 da 8 sau biyu, wato an cire maki uku a na farko, huɗu a na biyu. Idan kowa ya kai ɗan'uwansa ƙasa a turmi guda, faɗuwar ta kashe juna, sai a ba wanda ya fi aiki 10 da 9. Ku turo bidiyon nan zaure, kowa ya cika takardarsa turmi-turmi kafin ya ga ta wani, sannan mu gwada.